Tafiya Da Ɗingishi A Mizanin Addini Da Na Likita

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutum Ya daidaita shi, Ya tsayar da shi bisa ƙafafu biyu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wani al'amari ne da ya faru a masallacin unguwarmu. Akwai wani dattijo, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya yi shekaru ba a raba shi da sahun farko. A bara sai aka fara lura tafiyarsa ta canja. In ya fito sallar Asuba sai a gan shi yana tangaɗi, yana ware ƙafafu, yana buga su a ƙasa da ƙarfi, wani lokaci har ya dafa garu. Da rana kuwa ba a cika ganin haka ba. To, kun san bakin mutane. Wasu suka ce ya fara shan abin da ba a sha, wasu suka ce an yi masa jifa a kasuwa, wasu suka ce iska ce. Ni kaina an yi maganar a gabana na yi shiru, shirun nan kuwa har yau yana damuna. Da ɗansa ya kai shi asibiti, likita ya ce ya tsaya ya haɗa ƙafafunsa, ya tsaya daram. Ya ce ya rufe ido, nan take ya yi luu zai faɗi, sai da aka tare shi. Aka auna jini, ashe ciwon sukari ne ya daɗe a jikinsa har ya kashe jijiyoyin ji na tafin ƙafarsa. Bawan Allah bai taɓa sanin ɗanɗanon abin da aka zarge shi da shi ba.

Saboda haka na ga ya kamata mu zauna mu dubi wannan abu da muke yi kullum ba mu san yadda muke yinsa ba, watau tafiya.

Ai addininmu bai bar ta haka sakaka ba. A cikin suratu Luƙmanu, aya ta 18 da ta 19, an hana tafiya da girman kai, an yi umurni da tsakaitawa. Haka kuma a suratul Isra'i, aya ta 37. A suratul Furƙani kuwa, aya ta 63, siffar farko da aka ambata ta bayin Mai rahama ita ce yadda suke taka ƙasa cikin natsuwa. Imamu Tirmizi, a cikin Shama'ilu, ya kawo yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake tafiya: yana ɗaga ƙafa sosai, ba ya jan ta, yana ɗan karkata gaba kamar mai gangarowa daga tudu, har sahabbai kan wahala wajen cim masa alhali shi bai matsa wa kansa ba. An kuma hana mu zuwa salla a guje ko da an tayar da iƙama. Taƙama ma an sa mata wuri guda da aka yarda da ita, gama masu tarihi sun ruwaito cewa ran Uhudu Abu Dujana ya yi ta tsakanin rundunoni biyu, aka nuna cewa Allah ba Ya son irin wannan tafiya sai a irin wannan fage. Duk waɗannan hukunce-hukunce suna magana ne a kan tafiyar da mutum ya zaɓa wa kansa. Wadda ciwo ya ɗora masa hukuncinta dabam ne, kuma rashin rarrabe biyun nan shi ya jefa mu cikin naman dattijon can.

Masana aikin jiki sun daɗe suna binciken tafiya. Wani Ba'italiye mai suna Borelli ya rubuta littafi a kan motsin dabbobi da na mutane, aka buga shi a 1680. Wasu 'yan'uwa Jamusawa, 'ya'yan gidan Weber, suka fitar da nasu a kan tafiyar mutum a 1836. Da aka sami na'urar ɗaukar hoto mai sauri a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka iya tsinka taku ɗaya gunduwa-gunduwa a dube shi. Ga abin da aka gano a taƙaice. In ka ƙirga daga lokacin da diddigenka na dama ya taɓa ƙasa har ya sake taɓawa, ƙafar nan takan yi kashi 60 cikin 100 na lokacin tana ƙasa, kashi 40 tana sama tana lilo zuwa gaba. A cikin wannan zagaye akwai ɗan lokaci har sau biyu da ƙafafun duka suke ƙasa tare. Wannan shi ne ya raba tafiya da gudu, domin mai gudu yakan sami lokacin da ba ƙafarsa ko ɗaya a ƙasa. In mutum ya tsufa ko ya ji tsoron faɗuwa, lokacin da yake ajiye ƙafa biyu a ƙasa yakan ƙaru, takunsa kuma ya gajarta.

Mafi yawan lokacin tafiya, ashe, a kan ƙafa ɗaya kake. Ka ɗauki ƙafar da ke ƙasa kamar tabarya ce aka kafa aka tunkuɗa kanta gaba. Jiki yakan hau bisa ita har ya kai ƙololuwa, sa'an nan ya gangaro kamar zai faɗi, sai ɗaya ƙafar ta riga shi ta tare. Hawa da saukan nan bai wuce santimita 5 ba, watau inci 2, amma saurin da jiki ya samu wajen gangarowa shi ne yake taimaka masa hawan taku na gaba, har an auna cewa fiye da rabin aikin ta nan yake fitowa, tsoka ba ta biya shi ba. Don haka ne lafiyayye kan yi tafiyar awa guda bai ji komai ba, mai ɗingishi kuwa ya jiƙe da gumi tun bai kai bakin titi ba. Mai karatu zai iya tuna karkatawa gaban nan da aka siffanta Manzon Allah da ita. Ni dai ba na cikin masu ɗora kowane binciken Turawa a kan aya ko hadisi da ƙarfi da yaji, amma ba laifi mu lura cewa tafiyar da aka yaba mana ita ce kuma mai sauƙi ga jiki.

Kafin mu wuce, ga wani abin mamaki. A 1986 an buga wani bincike da aka yi kan matan ƙabilun Luwo da Kikuyu na ƙasar Kenya, aka ga suna iya ɗaukar kaya a ka har kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarfin da suke kashewa ya ƙaru ba. Wanda ya taɓa ganin mai tallar nono da ƙwarya uku a ka tana tafe tana hira ba zai yi musu ba.

Ƙafa kanta, daga idon sawu zuwa yatsu, ƙasusuwa 26 ne aka harhaɗa. Lokacin da diddige ya sauka sai ta yi laushi ta bi yanayin ƙasa, ko yashi ko tsakuwa. Lokacin tashi kuwa sai ta ƙage ta zama kamar itace, tsokar sha-raɓa ta ja agara, diddige ya ɗagu, babban yatsa ya tunkuɗa jiki gaba. Da ta tashi sai tsokar gaban ƙwauri ta ɗaga yatsu don kada su yi tuntuɓe, tazarar da ke tsakaninsu da ƙasa kuwa a tsakiyar lilon ba ta kai santimita 2 ba. Da wannan 'yar tazara muke wuce dubban taku kowace rana. Gefen tabarma da ya naɗe a ƙofar masallaci ya isa ya cinye ta, shi ya sa tsofaffi suka fi faɗuwa a nan.

Sa'an nan dukkan wannan aiki yana bukatar labari. Ƙwaƙwalwa tana sanin inda jiki yake ta hanyoyi uku: ido, da wani sashe na can cikin kunne mai kula da daidaito, da jijiyoyin ji na ƙafa da gaɓoɓi. In ɗaya ta mutu biyu kan rufa asiri. Dattijonmu ya rasa ta ƙafa, da rana ido yana cike masa gurbi, da duhun Asuba kuwa ido ba ya gani, sai asiri ya tonu. Buga ƙafar da yake yi da ƙarfi neman jin ƙasa yake. Magani na farko da aka ba shi, bayan na sukari, shi ne tocila da sanda. Aka kuma ce masa ya riƙa duba ƙafarsa kullum, domin wanda ba ya jin zafi ƙusa kan shige shi bai sani ba, gyambo ya kafu, har a kai ga yanke ƙafa. Musulmi ya fi kowa samun damar wannan dubawa, tun da yana wanke ƙafa sau da yawa a yini. Mai ciwon sukari ya mai da alwala lokacin duba tsakanin yatsu da ƙarƙashin diddige, ya tsane su bayan ya gama, kada kuma ya taka ƙasa mai zafi ba takalmi, musamman a aikin Hajji.

Ɗingishin da aka fi gani shi ne na zafi. Mutum yana gudun ɗora nauyi a kan ƙafar da ke ciwo, sai ya gajarta zamanta a ƙasa ya yi maza ya koma kan mai lafiya. Ƙaya ma tana sa haka, amma wanda ya daɗe a jikin manya yawanci daga gwiwa ne ko kwatangwalo, inda gurunguntsi ya cinye. A nan sai 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis su yi mini haƙuri. Gwiwa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a kowane taku, saboda haka duk kilo ɗaya da tumbi ya ƙara, biyu ko uku ne a wurin gwiwa. Wanda ya wuni zaune a rumfa ko bayan tebur, ya hau mota zuwa masallacin da bai fi taku ɗari uku ba, ya yi hasarar ladan sawu, ya kuma bar tsokar cinyarsa tana raunana, ita ce kuwa mai tsaron gwiwar. Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi, aka ce su zauna inda suke domin ana rubuta musu sawunsu.

Akwai kuma wata tafiya da ake ɗauka rangwaɗa ce alhali ciwo ne. A gefen kwatangwalo akwai tsoka wadda aikinta shi ne, in ka tsaya kan ƙafar dama, ta riƙe ƙugu kada ɓangaren hagu ya zube. In ta yi rauni, ko gaɓar ta lalace, sai ƙugu ya riƙa faɗawa wancan gefe, mutum kuma ya riƙa jefa kafaɗarsa bisa ƙafar mai ciwo don ya rage mata aiki. In ɓangarorin biyu ne sai ya yi tafiyar agwagwa. Wani likitan fiɗa Bajamushe, Trendelenburg, shi ya bayyana wannan alama a 1895, har yau da sunansa likitoci ke kiranta. A ƙasarmu tana da wani dalili da ya kamata iyaye su sani: masu amosanin jini, watau sikila, jini kan yanke wa kan ƙashin cinyarsu har ya mutu ya lotsa. Saurayi ko budurwa mai sikila da ya fara ɗingishi yana kukan matsematsi ko gwiwa, a kai shi a ɗauki hoton kwatangwalo tun ƙashin bai lotsa ba. A nan ne kuma mutane da yawa ke kuskuren riƙon sanda. Ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya gefen, in ƙafar dama ke ciwo sanda tana hagu, a jefa su gaba tare. Tsawonta kuwa ya tsaya daidai wuyan hannu in mutum ya miƙe ya saki hannunsa.

Wanda tsokar gaban ƙwaurinsa ta mutu, yatsunsa kan rataya, dole ya riƙa ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa matakala, ƙafar ta sauka da ƙara, faɗa-faɗa. Abin baƙin ciki, sau da yawa mu muke jawo wa 'ya'yanmu wannan. Babbar jijiyar ƙafa ta bi ta cikin ɗuwawu ne, allurar da wanda bai ƙware ba ya soka a wurin da bai dace ba tana iya huda ta. Yaro ya shiga shagon magani da zazzaɓi ya fito da ƙafar da zai ja har tsufansa. Wanda ya tsira wa mutane allura ba da sani ba, ya san cewa malaman fiƙihu sun ɗora lamuni a kan mai yin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba.

Shan inna kowa ya san shi. Sunan kansa yana nuna abin da kakanninmu suka ɗauka, cewa wata aljana ce ke shanye ƙafar yaro. Ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta kashe jijiyoyin laka masu motsa tsoka. Shi ya sa za ka ga wanda ya tsira daga gare ta yana dafa cinya da hannu in zai taka, hannun ne ke yin aikin tsokar da ta mutu, yana hana gwiwa lanƙwashewa. Mun yi jayayya a kan rigakafinta a 2003 har aka dakatar da shi a Kano da wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa. Daga baya sarakuna da malamai suka shiga gaba, aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Nijeriya a jihar Barno a 2016, aka kuma bayyana Afirka ta rabu da ita ran 25 ga Agusta 2020. Har yanzu ana ɗiga wa yara maganin, domin akwai wani nau'in da kan ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Yaran da ƙafafunsu suka yi baka ko gwame sosai, binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa a wurinmu yawanci ƙarancin sinadarin gina ƙashi ne a abinci, irin wanda ake samu a madara da nono. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe ciki kuwa, yanzu ana miƙe ta da filasta mako-mako tun yana ɗan kwanaki, yawanci ba sai an yi babbar fiɗa ba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana cikin wuraren da ake irin wannan aiki.

Biyu sun rage waɗanda suka shafi manya. Na farko shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ya fi jawowa: hannu ya naɗe a ƙirji, ƙafa ta sandare, mutum ya riƙa zagayo da ita ta gefe kamar mai shata da'ira. In ka ga tafiyar mutum ta rikice farat ɗaya, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, awoyin farko su ne masu tsada. A yi masa addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti, kada a kwana ana hayaƙi. Na biyu ciwon da wani likitan Ingila, James Parkinson, ya siffanta a 1817: tsoho ya ranƙwafa, takunsa ya yi ƙanana yana jan ƙafa, hannu ya daina lilo, in ya zo bakin ƙofa ya kafe kamar an ɗaure shi. Ba a warkar da shi, amma akwai magani mai sassauta shi ƙwarai, da yawa kuwa ana barinsu a ɗaki a ce tsufa ne.

To, mene ne matsayin mai irin waɗannan larurori a addini? Allah Ya ɗauke ƙunci daga gurgu a suratun Nuri, aya ta 61, da suratul Fathi, aya ta 17, Ya kuma hana izgili da jifa da laƙabi a suratul Hujurati, aya ta 11. Duk wanda ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya sha wucewa ta kan isnadin Abuz Zinadi daga A'araju daga Abu Huraira. A'araju ma'anarsa mai ɗingishi, sunansa Abdurrahman ɗan Hurmuzu, kuma wannan isnadi yana cikin mafi inganci da malaman hadisi suka sani. Ahnafu ɗan Ƙaisu, shugaban Banu Tamim da ake buga misali da haƙurinsa, murɗewar ƙafarsa ce ta ba shi wannan suna. Amru ɗan Jamuhu kuwa gurgu ne ƙwarai, 'ya'yansa suka so hana shi fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira tun da an yi masa rangwame, ya kai ƙara wurin Annabi, aka bar shi ya fita, ya yi shahada a can. Malamai sun halatta ambaton irin wannan laƙabi ne in don a gane mutum ne, ba shi kuma ƙin sa. Kwaikwayon tafiyar gurgu don a yi dariya, wanda yaranmu ke yi a gabanmu muna murmushi, giba ce da jiki, daidai take da ta harshe.

Game da salla, Imrana ɗan Husaini ya yi fama da ciwo, ya tambayi Annabi, aka ba shi izinin yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance bisa gefe, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Littafin Ahalari da muka karanta tun muna yara ya jera matakan: tsayuwa ba jingina, sai tsayuwa da jingina, sai zama ba jingina, sai zama da jingina, sa'an nan kwanciya bisa dama, ko hagu, ko rigingine. Na ga kuskure iri biyu a masallatanmu. Akwai mai ciwon gwiwa da ke iya tsayuwa sarai, sujada ce kawai ta gagare shi, amma sai ya zauna bisa kujera tun daga kabbarar harama. Wannan ya bar rukunin da yake da iko a kansa a sallar farilla. Kamata ya yi ya tsaya inda zai iya, ya yi nuni a inda ya kasa. Akwai kuma wanda likita ya hana shi naɗe gwiwa bayan aiki, amma kunya ta sa shi dole sai ya durƙusa kamar kowa, ya ɓata aikin da aka kashe dukiya aka yi. Shi ma bai kyauta ba, gama rangwamen na Allah ne, ba kuwa abin kunya a karɓarsa.

Kwamitocin masallatai kuma suna da nasu. Matakala uku masu tsawo ba abin dafawa, da tayil mai santsi a wurin alwala, sun hana dattawa da yawa jam'i. Ƙarfen dafawa da 'yar gangara a ƙofa ɗaya da ƙwan lantarki a bakin hanya ba su kai kuɗin lasifika ɗaya ba. A masallacinmu an sa su bayan abin da ya faru, dattijon kuwa ya dawo sahun farko da tocilarsa. Na je na same shi na nemi gafararsa a kan shirun da na yi, ya ce ai maganar ta daɗe da zuwa kunnensa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin shafa a kan karan ɗori da bandeji da filasta wajen alwala da wanka, domin masu karatu da dama sun aiko da tambaya a kai. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.